Ta Goma Sha Biyu

Duk garin Tarrabee ba wanda bai san bakin Merv Tulloch a kan maganar giya ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana tuƙa babbar motar kamfanin Bradlow, yana sauke duro-duro a ƙofar kowace mashaya daga bakin teku har ƙarshen kwarin, kuma ko da ya ajiye aiki bai ajiye kamfanin ba. A wurinsa giya ɗaya ce a duniya, mai shuɗin gwangwani. Sauran kuwa ruwan wanke furanni ne, wanda samari masu gemu suke dafawa a bayan gida su laƙaba masa dogon suna. Abin da ya sa maganar ta zama abin dariya a gari shi ne, ɗaya daga cikin masu dafa ruwan wanke furannin 'yarsa ce ta cikinsa, Tegan, kuma ita kaɗai Allah ya ba shi.

Akwai abin da garin bai sani ba, ita ma Tegan ba ta sani ba. Shekara uku da suka wuce aka gano ciwon daji a maƙogwaron Merv. Tegan ta baro aikinta a Melbourne, ta kwaso kayanta a akwati biyu ta dawo jinyarsa, don mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa. Mako bakwai tana kai shi asibiti a Hobart ana yi masa gashi da na'ura. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da ɗanɗanon bakinsa. Likita ya ce wataƙila ya dawo cikin 'yan watanni, bai kuwa dawo ba. Nama, dankali, shayi, man goge baki, duk abu ɗaya ne a harshensa. Abin da ya rage masa sanyi da zafi ne kawai, sai ɗan tsikarin kumfa. Wata safiya Tegan ta soya masa ƙwai, ta tsaya a kansa da idanun da suka yi wata shida ba su ƙoshi da barci ba, ta ce, "Baba, ka ji gishirin?" Ya dube ta, ya ga yadda ta rame, sai ya ce ya ji, har ma ya ɗan yi yawa. Ta daka tsalle ta rungume shi tana kuka. Daga ranar ƙaryar ta samu gindin zama.

Da Merv ya warware, kowa ya zaci Tegan za ta koma birni. Sai ta kama hayar tsohon siton tuffa da ke bayan tashar jirgin da aka daina amfani da ita, ta sayo manyan tukwanen ƙarfe na hannu, ta ce giya za ta dafa. Furen hof da ke ba giya ɗaci da ƙamshi kuwa gonakinsa sun kewaye garin, ba sai ta je nesa ba. Merv ya yi mita ta kwana uku, sannan ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya je ya haɗa mata bututu. Shi ya gyara rufin, shi yake kai mata duro kasuwar Asabar a tsohuwar a-kori-kurarsa, kuma in wani ya kuskura ya taɓa sunanta a gabansa sai an shiga tsakani. Zagin giyarta nasa ne shi kaɗai.

Bradlow ba ta ba shi wahala, don ya haddace ta. In ya kai kofi baki sanyin ne kawai yake shiga, sauran ƙwaƙwalwarsa ce take cike masa, kamar mai tafiya a ɗakinsa cikin duhu. Ta Tegan kuwa ba shi da abin da zai tuna. Ranar da ta kawo masa kwalbar farko, ta tsiyaya masa a baranda, ta zauna a matakala ta zuba masa ido. Ya kurɓa, ya ji ruwan sanyi mai kumfa. Ya san in ya ce ta yi daɗi tambayoyi za su biyo baya: wane irin daɗi, me ya fara ji, me ya rage a baki. Kushe kuwa gajere ne, kalma uku-huɗu an gama. Sai ya faɗi abin da ya ji kowa yana faɗa a kan irin wannan giyar.

"Ɗaci ya yi yawa."

Tegan ta gyaɗa kai, ta zaro wani ɗan jan littafi daga aljihu ta rubuta. Bayan wata biyu sai ga kwalba ta biyu, an rage ɗaci. Ya ce ƙamshin fure ya yi yawa. Ta uku ya ce tana nauyi a ciki, ta huɗu ya ce launinta kamar na ruwan kwata, wannan kam da idonsa ya gani. Haka aka yi ta tafiya har goma sha ɗaya, aibobin suka ƙare masa ya koma maimaita na baya, ita kuma duk abin da ya faɗa sai ta rubuta. A da in ta kawo kwalba takan zauna su sha shayi har rana ta faɗi. Daga baya ta koma miƙa masa a tsaye, ko motar ba ta kashewa. Merv yana gani. Yana son yarinyar nan fiye da numfashinsa, ya kuma san da bakinsa yake korar ta, amma duk ranar da ya shirya faɗa mata gaskiya sai ya tuna tsallen da ta yi a kan ƙwan nan, bakinsa ya yi nauyi. Taurin kan tsohon direba ke nan, ya gwammace ya yi awa uku yana ɓata hanya da ya tsaya ya yi tambaya.

Wata Laraba suna ɗora duro a mota, Tegan ta ce, "Wannan na Lorraine mai mashaya ne. Ta ba ni famfo ɗaya a mashaya, dab da na Bradlow ɗinka."

"Dab da Bradlow? To Allah ya sa kar ta shafa mata."

Ba ta yi dariya ba. "Ta goma sha biyu ce, Baba. Duk abin da ka ce in cire na cire. Ran Juma'a zan zo in zauna da ku, in shiga zagayen sayen giya. In ita ma ba ta yi maka ba, shi ke nan, ba zan ƙara kawo maka ba. Na gaji da bin ka da kwalba kamar mai talla."

Da faɗa ta yi masa da ya fi masa sauƙi, don faɗa ya iya. A hankali ta faɗa, tana ɗaure igiyar duron, ko kallonsa ba ta yi ba.

Bayan ya sauke duron a mashaya ne ya ga jan littafin nan a kujerar motar, ya zame daga aljihunta. Ya faka a ƙarƙashin wata bishiya, ya sa tabarau, ya buɗe, yana ji a ransa cewa abin da yake yi sata ce. A shafin ƙarshe ta rubuta: ƙamshin ɓawon lemo a farko, tsakiya kamar sabon burodi, sai ɗan zaƙin zuma a ƙarshe. A ƙasa ta ƙara kalma biyu, "Wataƙila wannan." Merv ya daɗe yana kallon kalmomin biyun. Daga nan ya yanke shawara, irin wadda mutum yake yankewa ya ji shi mai wayo ne. Zai haddace, ya yabe ta a gaban kowa, Bradlow ta yi haƙuri. Ya mayar da littafin sito ya ajiye a kan teburi, ya kwana biyu yana biya wa madubi lemo da burodi da zuma in yana aski.

Zaman Juma'a a mashayar Lorraine ya girmi Tegan. Ƙarfe huɗu na yamma suke haɗuwa a kusurwar kantar sayar da giya: Merv, da Stav Kallinikos mai tsohon shagon soyayyen kifi, da Noel Burbury mai kiwon tumaki. Na huɗunsu Clarrie ne, wanda ya rasu a sanyin bara, kujerarsa tana nan ba mai zama. Dokar zagaye ba a rubuce take ba, amma ba a karya ta. Kowa zai saya wa duka teburin a kan layi. Abin da mai zagaye ya ajiye maka shi za ka sha. Ba a tashi kafin a yi nasa, kuma in layi ya zo kan mutum ba mai sayen ko ɗigo sai shi ya saya. Kofi in ka bar shi a tsaye a ƙaro maka ke nan, in ka kwantar da shi ka gama. Lorraine shekararta talatin da ɗaya a bayan kantar nan, ba ta tambayar kowa abin da zai sha, hannunta ya sani.

Noel ya yi zagayen farko, Stav ya yi na biyu, kuma kamar kullum gardama ta riga giyar sauka. Stav ya daɗe da sauya sheƙa zuwa ta ƙananan masu dafawa, yana shinshina kofi yana juya shi a haske don kawai ya ƙular da Merv.

"Dubi tsohon banza yana sansana kofi kamar kare a bakin mahauta," in ji Merv.

"Saboda akwai abin sansanawa, mutumina. Taka me ke ciki? Ruwan famfo da aka nuna wa sha'ir daga nesa."

"Tawa in ka sha ta a nan, ka sha ta a Darwin, abu ɗaya za ka ji. Mutum ya gama aikin yini, ya san abin da ke jiran sa. Taku kuwa yau ta yi warin mangwaro, gobe ta yi warin akuya, ku ce fasaha ce."

"Ruwan famfo ma ko'ina ɗaya ne. Noel, ka faɗa masa."

Noel ya ɗago kai daga kofinsa a hankali. "Ni dai wadda wani ya saya min ita ta fi daɗi."

Ana cikin haka Tegan ta shigo da takalman roba na aiki, gashinta a ɗaure da ɗankwali. Ta gaida su, ta tsaya tana kallon kujerar Clarrie. Stav ya miƙe ya share kujerar da hularsa.

"Zauna, 'yata. Da Clarrie yana nan da kansa zai tashi ya ba ki, in dai ke za ki saya."

Ta zauna. "Lorraine, zagayena ne. Huɗu daga sabon famfo."

Daidai lokacin 'yan aikin gonar hof su takwas suka turo ƙofa, kowa yana kiran nasa, ga waya tana ƙara a bayan kantar. Lorraine ta saƙale wayar a kafaɗa, tana zubawa tana amsawa, ta turo kofuna huɗu kusurwa ba tare da ta juyo ba. Duk huɗun launi ɗaya ne, ruwan zinariya mai haske da farar kumfa, don ai shekara biyu Tegan ta yi tana wanke giyarta har ta kai nan.

Stav ya kurɓa ya lumshe ido. Noel ya kurɓa ya ce, "Uhm," wanda a bakinsa dogon jawabi ne. Tegan ba ta taɓa nata ba, ubanta take kallo.

Merv ya ɗauki kofin. Ya kai hanci kamar yadda ya ga Stav yana yi, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Sanyi da kumfa. Ya ajiye kofin, ya gyara murya yadda har 'yan gonar za su ji.

"To, jama'a, ku shaida. Shekara hamsin ina shan Bradlow, yau na ce wannan ta fi ta, nesa ba kusa ba. Da farko akwai ƙamshin ɓawon lemo. Tsakiya kamar sabon burodi." Ya ɗan tsaya, don ya yi kamar yana nema. "Sai ɗan zaƙin zuma a ƙarshe. Bradlow ba ta taɓa mafarkin irin wannan ba."

Stav ya buga kantar da hannu. "Lorraine, rubuta ranar yau a bango."

Fuskar Tegan ta fara buɗewa, Merv ya ga yarinyar da ta daka tsalle a kicin tana ƙoƙarin fitowa. Sai kuma murmushin ya tsaya a rabi. Kalmomin nan nata ne, a jere yadda ta rubuta su, ko ɗaya bai canza wuri ba. Ta miƙa hannu a hankali ta ɗauki kofinsa, ta kai hanci, ta ɗan kurɓa. Ta ajiye.

"Lorraine, daga wane famfo kika zuba wa Baba?"

Lorraine ta juyo, ta dubi kofin, ta dubi famfunan biyu, ta dafe ƙirji. "Ni 'yasu. Bradlow na zuba masa. Hannuna ne, Tegan, in ya ga Merv can yake nufa, ko ban aike shi ba."

Dariya ta fashe a mashayar. Stav har da riƙe ciki, yana cewa lemo, burodi, a ƙaro man shanu a gama karin kumallo. 'Yan gonar da ba su san farkon zancen ba su ma suka taya. Noel ne kawai bai yi dariya ba, yana kallon uban da 'yar.

"Ka karanta littafina," in ji Tegan. Muryarta ba ta tashi ba. "Da ka ce ba ta da daɗi, da na haɗiye, na saba. Amma ka haddace rubutuna ka zo ka karanta min kamar yarinyar da ake lallashi da alewa. Ashe duk shekara biyun nan ko saurarar abin da ke cikin kofin ba ka yi."

Ta kwantar da kofinta a kan kantar, a cike, giyar ta malale har ƙasa. Ta fita.

Dariyar ta mutu. Merv yana zaune, kunnuwansa sun yi ja, yana jin ƙarar motarta tana barin wurin. Layi ya zo kansa, zagayensa ne, kuma a shekara arba'in bai taɓa tashi kafin ya yi nasa ba, har ranar da aka kira shi cewa matarsa tana naƙuda sai da ya ce wa mai mashayar ta wancan lokacin ta zuba huɗu sannan ya ruga. Yau ya ɗauki hularsa ya bi ƙofa bai yi zagayen ba.

Ya same ta a sito tana wanke tukunyar da ba ta da datti, ta juya masa baya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Sito ne da kowa ke cewa ƙamshinsa yana tarar mutum tun daga titi, shi kuwa bai taɓa ji ba.

"Teg."

"Ka koma, zagayenka ne."

"Ba na jin ɗanɗanon komai."

Burushin ya tsaya.

"Ko ƙamshi. Ba taki kaɗai ba, har Bradlow ɗin. Da fitsarin doki Lorraine ta zuba min mai sanyi, lemo da burodi zan ce."

Ta juyo a hankali, ruwa yana ɗiga daga hannunta. "Tun yaushe?"

"Tun asibiti. Bai dawo ba."

"Ƙwan nan fa? Ka ce gishiri ya yi yawa."

"Ban ji komai ba. Ke na gani, duk kin ƙare, wando yana faɗo miki. Na ce bari in ba ki abu ɗaya mai daɗi ki samu ki yi barci. Daga nan kuma na rasa ƙofar fita."

Tegan ta zauna a kan wani duro. Ta rufe fuska da jiƙaƙƙun hannuwa, kafaɗunta suna rawa, Merv ya kasa gane kuka take yi ko dariya, ita ma da alama ba ta gane ba. Da ta ɗago, ta wurga masa burushin, ya same shi a gwiwa.

"Goma sha biyu, Baba. Sau goma sha biyu ina tashi da asuba ina dafa wa mutumin da ko gishiri ba ya ji. Ka ce ɗaci, na cire. Ka ce fure, na cire. Na yi ta cirewa har na kusa dafa Bradlow da hannuna, ni da na baro Melbourne ina zagin ta. Na ɗauka ni ce ba ka so. Na ɗauka kunyata kake ji."

"Kunyarki?" in ji Merv. "Ni da nake tsayar da baƙi a gidan mai ina nuna musu hanyar siton nan? Ke ce abin da na yi daidai a duniya, sauran duk tuƙin mota ne."

Ta share hanci da bayan hannu. "Kuma shekara uku kana cin abinci kamar kana tauna kwali, kai kaɗai, ba ka gaya wa kowa ba. Shi ya sa ka bar cin gasasshen ragon Lahadi, ka ce haƙori."

"Haƙoran lafiyarsu lau."

"Tsoho mai taurin kai." Ta taso ta kama gaban rigarsa kamar za ta girgiza shi, sai ta kifa kanta a ƙirjinsa. Ya dafa bayanta da hannun da bai san inda zai sa shi ba. Sun daɗe a haka, famfon da ta bari a buɗe yana ta zuba.

"Ta farkon," in ji Merv daga baya. "Wadda na ce ɗaci ya yi yawa. Ya take?"

"Ita ta fi duka. Ita ce tawa. Sauran naka ne."

"Kina da lissafin haɗinta?"

"Shafi na ɗaya. Ai ka san littafin."

"To ki sake dafa ta, yadda take, kar ki cire ko tsinke. In wani ya ce ɗaci ya yi yawa ki turo min shi." Ya saka hularsa. "Yanzu taso mu je. Na bar mutane da ƙishi."

Sun fi awa ɗaya da fita, amma da suka koma rana tana nan ba ta faɗi ba, Stav da Noel ma suna nan inda aka bar su, kofuna biyu wayam a tsaye a gabansu. Lorraine ta goge giyar da ta zube, ta yi musu tayin ƙari har sau uku, suka ce ba layinsu ba ne.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," in ji Stav. "Maƙogwarona ya bushe har ya fara tsagewa. Da ka ƙara minti goma da gawata za ka saya wa."

Merv ya zauna, ya dafa kantar da hannu biyu, ya faɗa musu a taƙaice, idonsa a kan katako. Lorraine ta juya tana gyara kwalaben da ba su karkace ba.

"Na sani," in ji Noel.

Duk suka juyo.

"Tun bara. Ran jana'izar Clarrie ka zuba gishiri a shayi, cokali biyu, ka shanye. Na ce in kana so a sani za ka faɗa."

"Ashe shekara uku ina ɓata yawuna ina gardama da mutumin da ba shi da harshe," in ji Stav, yana goge ido da babban yatsa kamar wani abu ne ya faɗa masa. "Kuma duk da haka bai yarda na ci ba."

"Har yanzu ban yarda ba," in ji Merv. "Lorraine, huɗu daga famfon 'yata. Ki kalli hannunki wannan karon."

Lorraine ta riƙe kofinsa sama yadda kowa zai gani, ta zuba daga sabon famfo, ta kawo da kanta ta ajiye a gabansa. Merv ya riƙe kofin da hannu biyu. Bai kai baki ba, ya juya wajen Tegan.

"Faɗa min abin da nake sha. Ba na littafi ba. A hankali, yadda zan bi."

Tegan ta matso da kujerar Clarrie har gwiwarta ta taɓa tasa. Ta ɗauki nata kofin.

"Kurɓi kaɗan, kar ka haɗiye. Ka tuna lemon da Mama take ɓare maka ta sa a akwatin abincinka, in ka buɗe a mota hannunka ya yini yana ƙamshi? Shi ne a farko."

Ya kurɓa, ya rufe ido.

"Yanzu haɗiye. Gidan burodin Pearce da asuba, in ka tsaya da babbar mota ka ɗora ni a kujerar gaba, ka sayo mana mai zafi muna yaga da hannu. Ka same shi?"

Merv ya haɗiye. Maƙogwaronsa ya motsa sau biyu, ko da yake kurɓi ɗaya ya yi. A harshensa sanyi ne da kumfa kamar kullum, amma yana ganin takardar burodin a cinyar yarinya 'yar shekara shida, ƙafafunta ba su kai ƙasan motar ba.

"Zumar fa?" ya tambaya, muryarsa a dishe.

"Ita sai ka jira. A ƙarshe take zuwa."

Ya jira. Ya sha a hankali, ita tana gaya masa, har ya kai ƙasan kofin. Lorraine ta matso da tsumma a kafaɗa, tana jiran ta ga yadda zai ajiye shi. Merv ya ajiye kofin a tsaye, ya tura shi gabanta. Hannunta ya nufi famfon Bradlow, ya tsaya a hanya, ya koma na kusa da shi.